Sawun Galadima a Ƙofar Hadari

A zamanin da Sarki Tunau ke kan gadon Manda, birnin bai ji tsoron mashi kamar yadda ya ji tsoron ruwan sama ba. Wanda bai taɓa zuwa can ba zai ɗauka zolaya nake yi. To amma Manda birni ne na tsakiyar sahara, an ɗora shi bisa tsauni, kuma tun daga ganuwa har fada da soraye da rumbuna, ba da komai aka gina su ba sai da ƙasar gishiri da ake yankowa a ramukan gindin tsaunin. In rana ta gasa ta, gatari ma tsalle yake yi ya dawo. In ruwa ya taɓa ta kuwa, sai ta saki jiki ta narke kamar man shanu a kasko. Har yau idan ka je kangon, masu zagayawa da baƙi za su kai ka wata ɓaraka a ganuwar gabas da ake kira Ƙofar Hadari, su nuna maka ramuka biyu a ƙasa masu zurfin ƙwauri, su ce sawun Galadima Barmo ne, jarumin da bai ja da baya ba. Sawunsa ne kam, ba ƙarya. Sauran bayanin ne suke ɗan gyarawa.

Saboda wannan tsoro kakannin Manda suka bar musu wata al'ada. Ruwa kan yi shekaru bai sauka ba, amma duk ranar da hadari ya leƙo, sai a fito da wata tsohuwar ganga mai suna Wuce-gaba, a hau da ita kan ganuwa a yi ta dukanta, maza na shimfiɗa fatu a saman ginin, har sai hadarin ya kauce. Ko gangar ce ke korarsa, ko dama hadarin sahara bai cika cika alkawari ba, ni dai ban sani ba, kuma ba na ba ka shawarar ka tambayi mutumin Manda.

Shekarar da abin nan ya faru, fari ya cinye arewa. Makiyayan can, waɗanda mutanen Manda ke kira Masu-shuni saboda baƙin amawalin da suke rufe fuska da shi, suka wayi gari rijiyoyinsu sun ƙafe, raƙumansu sun koma ƙashi da fata. Shugaban yaƙinsu, Tambari Amuman, ya bi ya tara dangogin da ko a zaman makoki ba sa haɗa inuwa, ya yi musu alkawarin abu guda: rijiyar Manda, wadda ita kaɗai ke da ruwan daɗi a duk faɗin yankin, kuma tana cikin ganuwa. Suka zo suka kafa tantuna a filin gabas. Suka gwada tsani, suka gwada wuta, suka gwada haƙa ta ƙasa, ganuwa ko gezau. Da tafiya ta yi tafiya mutanen gari suka saba da yaƙin kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai yawan faɗa, har mata kan hau soro su shanya dabino suna kallon sansanin abokan gaba.

Wata ranar Talata da hantsi mai gadin hasumiya ya sauko yana haki, ya ce hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, irin wanda tsofaffi ma ba su taɓa gani ba. Ba a gama tara 'yan majalisa ba sai ga manzon Tambari a bakin ƙofa yana neman iso. Kowa ya gane. Sirrin ganuwar Manda ba sirri ba ne, kowane ɗan ayari ya san shi.

Galadima Barmo aka kira ya yi tafinta, don shi kaɗai ne a fada ke jin harshen Masu-shuni. Ƙanin mahaifin Sarki ne, tsoho mai ɗan ɗingishi, kuma a hannunsa Sarki Tunau ya tashi tun yana maraya. Shi Galadima, yana yaro aka ba da shi jingina ga makiyayan lokacin wani tsohon sulhu, a cikinsu ya yi ƙuruciya har ya fara gemu. Wannan tarihi ya amfani Manda sau da dama, amma Madawaki Nomau, shugaban mayaƙan birni, bai taɓa bari an manta da shi ba. A wurinsa wanda ya sha nonon taguwarsu rabinsa nasu ne.

Da manzon ya shigo, tun daga tafiyarsa Galadima ya shaida shi. Agali ne, wanda suka yi kiwo tare suna yara. Ba su gaisa ba. Agali ya tsaya tsakiyar zaure, idanunsa kaɗai ake gani, ya isar da saƙo, Galadima na juyawa da Hausa.

“Tambari Amuman, mai raƙuman da ba su ƙidayuwa, yana gaida Sarkin Manda gaisuwar babba da babba. Ya ce a faɗa maka, ganuwarka ta gagari ƙarfe, to ga wanda ba ta gagara nan ya taho daga gabas. Ka buɗe ƙofa da hannunka kafin la'asar, a bar maka gadonka da iyalinka, rijiya ta zama tamu. In ka ƙi, sama za ta buɗe mana, kuma wanda ya shigo ta ɓaraka ba alkawari a wuyansa.”

Yana cikin magana aka yi tsawa mai nisa. Duk majalisa ta zabura, Shamaki har ya saki sandarsa, Liman ya shiga salati. Galadima kuwa, da yake aikinsa kallon manzo ne, sai ya ga abin da sauran ba su gani ba. Agali ya manta inda ya tsaya a jawabinsa. Ya juya kai wajen tagar arewa, ya ja iska ta cikin amawali, idanunsa suka yi laushi irin na mutumin da ya ji muryar uwarsa bayan doguwar tafiya. Nan take wani abu da Galadima ya binne tun ƙuruciya ya taso masa. Ya rage murya ya tambayi Agali da harshensu ko har yanzu, in ruwa ya sauka, dangin da suka fara durƙusar da raƙumi a kwari su ke da ciyawarsa da tafkunansa na shekara. Agali ya ce ba a sauya ba. Galadima ya sake tambayarsa, ruwan ƙarshe wa ya riga su? Agali ya ce dangin Tambari, ya faɗe shi kamar mai tofar da maɗaci, sannan ya gyara tsayuwa kamar bai ce komai ba.

Aka sallami manzo ba amsa. Ƙafarsa ba ta gama barin zaure ba Madawaki ya miƙe ya yi gaisuwa.

“Allah ya ja zamanin Sarki. Ba lokacin dogon zance ba ne. A fito da Wuce-gaba yanzu, a kwashe fatun gari duka har da buzun sallah a rufe ganuwa, kamar yadda iyaye suka yi. Sannan, Zaki, ina roƙon a tambayi Galadima abin da suka tattauna da baƙon nan da harshen da ba mu ji.”

Galadima ya dogara sandarsa ya tashi a hankali. Ya faɗi abin da ya tambaya da abin da aka amsa masa, bai rage ba. Sannan ya faɗi maganar da tun kafuwar Manda ba a taɓa faɗa a zauren nan ba.

“Ranka ya daɗe, kada a taɓa gangar nan yau. A bar ruwan ya zo, in da hali ma Liman ya roƙa mana shi. Mutanen da ke waje ba ƙiyayyarmu ce ta tara su ba, ƙishirwa ce. Cikin hadarin nan arewa ya dosa, wajen kwarurrukansu. Da zarar ya zuba, kowane dangi zai tuna cewa wanda ya riga isa shi ke da shekara, kuma ba wanda zai zauna yana yi wa Tambari yaƙi alhali maƙwabcinsa na cinye masa makiyaya. Fatun kuma kada a ɓata su a ganuwa, ba za su ishe ta ba. A rufe bakin rijiya da su, kada ruwan gishiri ya gangara ciki, a rufe rumbuna. Ganuwa za ta ji jiki, ban ɓoye ba. Amma in muka kori hadarin nan, mun kori abu ɗaya da zai tashe su daga ƙofarmu.”

Zaure ya kaure. Madawaki ya ce ai ga ta nan a fili, Tambari ya nemi a buɗe masa ƙofa an hana, sai ga ɗan renonsu zai buɗe masa ganuwa ɗungurungum. Sarkin Makaɗa ya rantse cewa hannunsa zai shanye in ya ga hadari bai daki ganga ba. Liman ya ce shi dai bai taɓa jin inda ganga ta mayar da abin da Allah ya aiko ba, amma kuma bai taɓa roƙon ruwa a Manda ba, yana tsoron jama'a su jefe shi. Shamaki ya goyi bayan kowa bi da bi, kamar yadda ya saba.

Sarki Tunau ya sunkuyar da kai. Yana son tsohon nan fiye da kowa a duniya, kuma duk majalisa ta san haka, shi ya sa ba zai iya bin shawararsa a arha ba. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

“Baba Galadima, na ji. Ba za a daki Wuce-gaba ba. Amma rayukan Manda ka ɗora a kan abin da ka gani a idon mutum ɗaya, don haka naka ran zai shiga gaba. Na rantse da kabarin mahaifina, in ganuwa ta faɗi, a ɓarakar za ka tsaya kai kaɗai, ba garkuwa ba takobi, kai ne farkon wanda mashinsu zai samu.”

Galadima ya durƙusa ya ce ya karɓa.

Ana idar da azahar ruwa ya kece. Ba zan iya kwatanta maka firgicin garin ba. Mutanen da suka yi watanni suna dariyar kibau suka shige ƙarƙashin gadaje. Tsofaffi na kuka suna kiran sunan gangar da aka kulle a ɗaki. Katangu suka fara zubar da hawaye farare, kusurwoyin soraye suka dakushe, lunguna suka cika da ruwa mai kauri. Bayin fada da samari suka danne fatu a bakin rijiya da duwatsu suka kwanta a kai. Galadima na zaune a ƙofar fada ruwa na dukansa, yana kallon ganuwar gabas tana ramewa, yana tambayar kansa ko dai tsufa ne ya sa ya ga abin da babu a idon Agali. Wajen la'asar aka ji wani nishi mai tsawo, sai wani yanki na ganuwar ya zauna a hankali kamar tsohuwa ta gaji da tsayuwa. Ɓarakar ta isa raƙuma da yawa su shiga kafaɗa da kafaɗa.

Ba wanda ya kira Galadima. Ya cire takalmansa ya miƙa wa Shamaki, ya ɗauki sandarsa, ya ratsa jama'a. Sarki ya kau da kai. Madawaki ya jera maharba can baya a kan sorayen da suka rage, ya hana kowa matsawa kusa, don rantsuwa ta ce shi kaɗai. Galadima ya taka tulin ganuwar da ta narke ya hau har tsakiya, ya juya fuskarsa gabas ya tsaya.

Ruwa ya fara tsagaitawa, cikin hadarin ya lula arewa yana walƙiya. Daga inda yake ya hango sansanin ya hargitse, ana kwance tantuna, ana ɗaure sirdi, ana ta kai da komo. Zuciyarsa ta yanke, ya ce shi ke nan, shirin hari suke yi. Ya yi kalmar shahada. Sai ya ga wani ayari ya ɓalle daga gefen sansani, bai nufo birni ba, ya miƙi arewa a sukwane. Kafin ya ƙifta ido wani ya bi bayansa, sai wani, sai abin ya zama tsere, ana bulalar raƙuma, ana barin tukwane a kan wuta. Ya hango wani mahayi a gaban ayarin farko ya ɗaga hannu sama sau ɗaya bai waiwayo ba. Nisa bai bari ya tabbatar ba, amma har ya mutu yana cewa Agali ne.

Tambari Amuman ya yi ta zagaya yana kira, yana tuna musu alkawari, yana nuna musu ɓarakar da suka yi watanni suna jira, ba wanda ya saurara. Da ya ga daga shi sai 'yan gidansa, kuma su ma rabinsu idonsu na arewa, sai zuciya ta ɗebe shi. Ya zare takobi ya yi kan ɓarakar da waɗanda suka rage masa.

Galadima ya ga raƙuma sun taho, ƙasa na girgiza, tsinin masu na ƙyalli. Ya ji jama'a a bayansa suna kiran sunansa. Bai motsa ba. Raƙumi kuwa dabbar rairayi ne, tafinsa faffaɗa ne mai laushi, bai san taɓo ba. Suna isa inda narkakken gishiri ya malale gangaren tsauni, na gaba ya zame, ƙafafunsa suka rabu, na baya ya hau kansa. Cikin ɗan lokaci gangaren ya cika da raƙuma a kwance suna kuka da mahaya suna birgima. Madawaki ya ba da izini, maharba suka saki ruwan kibau, sannan ya sauko da mayaƙansa ta ƙaramar ƙofa suka zagaye su. Faɗan bai daɗe ba. Raƙumin Tambari shi ya fi kowa matsowa, ya faɗi ya wurgo ubangidansa, ya zo ya dira rub da ciki kusa da ƙafafun Galadima, takobi a can, rawani a can. Ya ɗago ya dubi tsohon da ke tsaye da sanda kawai, ya waiga ya dubi filin da rundunarsa take ɗazu, sannan ya miƙa hannayensa aka ɗaure.

Wayyo, zo ka ga Manda a yammacin nan. Mutanen da suka ɓuya suka fito ɗaya bayan ɗaya suna taɓa jikinsu, suna ƙirga 'ya'yansu. Gidaje da dama sun zama tudu, amma aka ɗaga fatu aka ɗanɗana rijiya, ruwanta na nan da daɗinsa, hatsi da dabino a rumbu ko laima ba su yi ba. Wata tsohuwa da ta wuni tana tsine wa Galadima ta zauna a taɓo tana dariya tana share hawaye. Yaran da ba su taɓa ganin ruwa daga sama ba suka yi ta buɗe baki suna tarar ɗigon ƙarshe, suna mamakin wai babu gishiri a ciki. Liman ya yi ta gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi dama a zuciyarsa ya roƙa. Sarkin Makaɗa ya duba hannunsa ya ga bai shanye ba, ya je ya ɗauko kalangu. Madawaki Nomau, in ba shi haƙƙinsa, da kansa ya zo gindin ɓarakar ya cire hula a gaban jama'a, ya ce ya yi zato mummuna, a yafe masa. Tambari kuwa daga baya aka sake shi bisa sulhu, Manda ta shayar da makiyaya a shekarun fari, su kuma su tsare mata hanyar ayari.

Duk wannan biki ana yi, Galadima na tsaye inda yake. Maroƙa suka taru a ƙasa suna zuba masa kirari, dutsen da bai san gudu ba, ganuwar da ta fi ganuwa. Jama'a suka ce ai jira yake sai wanda ya ɗora masa rantsuwa ya zo ya sauke. Sarki Tunau ya taho a ƙasa ba laima, ya tattare riga ya hau tulin har ya iso gabansa. Ya kama hannun tsohon ya riƙe.

“Baba, na sauke rantsuwata. Ka yafe mini. Na ga raƙuman nan sun taho kanka, ko taku ɗaya ba ka ja ba. Sauko mu tafi gida.”

Galadima ya dubi maroƙa, ya dubi Madawaki, sannan ya sunkuyo daidai kunnen Sarki.

“Ɗana, rufa mini asiri. Tun raƙumin farko na so in ruga. Ƙafafun ne suka nutse, gishirin kuma ya kama. Sa a kawo fartanya.”

Sarki ya dubi ƙasa. Tsohon ya lume har ƙwauri, taɓon ya fara daskarewa a jikinsa. Dariya ta taso masa tare da kuka, ya rasa wadda zai tare. Bai kira kowa ba, bai nemi fartanya ba. Ya durƙusa a cikin taɓo a gaban duk mutanen Manda, ya shiga tonon ƙafafun ƙanin mahaifinsa da hannunsa. Jama'a suka ga Sarki ya durƙusa wa Galadima, guɗa ta tashi har tsauni ya amsa.

Washegari rana ta fito ta gasa wurin ya koma dutse. Da magina suka zo toshe ɓarakar, Sarki ya ce a bar ta ta zama ƙofa, kuma kada wanda ya cike ramukan nan biyu. Galadima ya roƙe shi a keɓe ya bari a cike, ya ƙi.